Yadda Ake Cin Moriyar Agogon Motsa Jiki Wajen Rage Ƙiba

Agogon motsa jiki, wato na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana ƙirga taku, tana auna bugun zuciya, tana kuma lissafa awannin barci, yana iya taimaka wa mai neman rage ƙiba, amma taimakonsa yana da iyaka, kuma wanda bai san wannan iyaka ba yana iya shafe shekara guda ɗaure da agogon ba tare da sikeli ya motsa ba. A shekarar 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka, inda aka bi mutum 471 masu ƙiba, 'yan shekara 18 zuwa 35, har tsawon shekara biyu. An ɗora su duka a kan tsarin rage cin abinci da motsa jiki, daga baya aka ba rabinsu na'urar ɗaurawa a damtse, aka bar sauran suna rubuta cinsu da motsinsu da kansu. Da aka zo ƙarshe, masu na'ura sun rage kimanin kilo 3.5, waɗanda ba su da ita kuwa suka rage kilo 5.9. A 2022 kuma masu bincike na Jami'ar Kudancin Ostareliya suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka gano cewa masu ɗaura irin wannan na'ura sukan ƙara taku kusan 1,800 a rana, su rage kimanin kilo ɗaya.

Abin da za a fahimta a nan shi ne agogon yana iya tayar da mutum daga zaune, amma yawancin hukuncin raguwar nauyi a wurin cin abinci ake yanke shi. Matakan da ke tafe an jera su ne a kan wannan fahimta.

Mataki na farko: ka raba abin da agogon yake aunawa da abin da yake kintata

Ko Fitbit ne, ko Garmin, ko Apple Watch, ko ƙaramin madauri na Xiaomi, kayan cikinsu kusan iri ɗaya ne. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin motsi da ke jin duk wata girgiza ta hannu, daga nan ake fitar da yawan taku. Akwai kuma koren haske a bayan agogon da ke haska fata: jini yana tsotse koren haske, saboda haka duk lokacin da zuciya ta harba jini, hasken da ke dawowa yakan ragu, na'urar kuma ta ƙirga wannan hawa da sauka ta ba ka bugun zuciya. Wasu agogunan suna da GPS na auna nisa. Babu wani abu a cikin agogon da ke auna kalori, wato ma'aunin makamashin da jiki ke samu daga abinci yake kuma ƙonawa. Adadin kalorin da kake gani lissafi ne da manhaja ke yi daga shekarunka, da nauyinka, da tsayinka, da motsin hannunka, da bugun zuciyarka.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2017 ya gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Shida daga cikinsu sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Da aka zo kalori, wadda ta fi kowa dacewa ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, wadda ta fi muni kuwa da kashi 93. An sami ci gaba a ƙirar na'urorin tun daga lokacin, amma tushen matsalar yana nan, domin har yau kintace ake yi. Don haka ka yarda da taku da bugun zuciya gwargwado, ka ɗauki lissafin barci a matsayin kwatance, lissafin kalori kuwa ka yi masa kallon shakka.

Mataki na biyu: ka saita shi, ka ɗaura shi daidai

Ka shigar da shekarunka, da jinsinka, da tsayinka, da nauyinka na gaskiya a manhajar waya. Mutane da yawa sukan saka nauyin da suke fata maimakon wanda sikeli ya nuna, ko su saka na ranar farko su manta da shi, alhali duk lissafin agogon a kan wannan adadi yake tafiya. Duk lokacin da ka rage kilo biyu ko uku, ka koma ka gyara. Ka kuma gaya wa manhajar hannun da kake ɗaurawa. Ya fi kyau ka ɗaura a hannun da ba ka yawan aiki da shi, domin hannun da ake rubutu da goge haƙora da shi yakan tara takun ƙarya.

Wurin ɗaurawa shi ne saman ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa ɗaya, lokacin motsa jiki kuma a ɗan tura shi sama zuwa faɗin yatsu biyu, a ƙara matse madaurin kaɗan. Idan ka kaɗa hannu agogon yana zamewa, ko kana hango koren hasken yana leƙowa ta gefe, ya yi sako-sako. Idan ya bar shatin da ya daɗe bai ɓace ba, ya yi tsauri. Zanen da ake yi da allura a fata, da tsananin sanyi, da zufa mai yawa duk suna iya rikita awon bugun zuciya. Game da launin fata, sakamakon bincike ya sha bamban: wasu sun sami ƙarin kuskure a fata mai duhu saboda tana tsotse koren haske, wani kuma da aka yi a Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci ba. Mafita ita ce ka gwada naka. Ka zauna na minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a jijiyar ɗaya hannun, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka shi biyu, ka kwatanta da abin da agogon ya nuna. Ka sake yin haka bayan tafiya mai sauri. Bambancin bugu uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne, amma idan ya kai goma sha wani abu, ka gyara ɗaurin ka sake gwadawa.

Taku ma ana gwada shi haka: ka yi taku 100 kana ƙirgawa a zuci, ka duba abin da ya ƙaru. Idan agogon yana da GPS, ka yi tafiyar minti 20 a fili a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, domin ta haka yake koyon tsawon takunka.

Mataki na uku: ka yi mako guda ba ka canza komai ba

Wannan shi ne matakin da ɗoki ke sa a tsallake, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ka ɗaura agogon dare da rana na kwana bakwai, har da ranakun hutu, kana rayuwarka yadda ka saba. Kada ka ƙara tafiya don ka burge na'ura. A ƙarshen makon ka fitar da abu uku: matsakaicin takunka na rana, bugun zuciyarka na lokacin hutu, da matsakaicin awannin barcinka. Ka kuma duba jadawalin sa'o'i a manhajar, ka ga inda layin ya kwanta. Mai aikin ofis yakan tarar cewa daga ƙarfe tara na safe zuwa ƙarfe ɗaya na rana bai yi taku 300 ba, kuma ganin wannan gibi da ido ya fi kowace nasiha tasiri. Ka zaɓi lokacin caji tun yanzu, kamar lokacin wanka, don kada batir ya mutu da dare ko a tsakiyar tafiya ya bar maka rami a lissafi.

Mataki na huɗu: ka sa wa kanka adadin taku daga inda kake

Yawancin agoguna suna zuwa da taku 10,000 a matsayin buri. Wannan adadi ba daga ɗakin bincike ya fito ba. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya yi tallarta da taku dubu goma, adadin kuma ya zauna a bakin mutane. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa amfanin lafiya yana farawa tun kafin a kai can. Wani nazari na 2019 a kan mata sama da 16,000 masu matsakaicin shekara 72 ya gano cewa masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a lokacin binciken, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Wani da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ga 'yan ƙasa da shekara 60, amfanin yana daidaita ne tsakanin 8,000 da 10,000. Waɗannan alƙaluma na tsawon rai ne. Mai neman rage ƙiba yana iya bukatar fiye da haka, amma babu dalilin da zai sa mai taku 3,500 ya ɗora wa kansa 10,000 a rana ɗaya, gwiwoyinsa su yi tsami, ya ajiye agogon a mako na biyu.

Ka ɗauki matsakaicin da ka samu a mataki na uku, ka ƙara masa 1,000. Idan ka cika wannan a kwana biyar cikin bakwai, mako biyu a jere, ka sake ƙara 500 ko 1,000. Taku 1,000 kamar tafiyar minti goma ne, kilomita ɗaya kuma kimanin taku 1,300 ne ga mai matsakaicin tsayi. Ka shiga saitin manhajar ka sauya burin zuwa naka adadin, domin agogon da kullum yake nuna maka ka gaza yana kashe gwiwa.

Ƙarin takun ka zuba shi a gibin da ka gani a jadawali. Ka kunna tunatarwar da ke sa agogon ya yi rawa a hannu idan ka daɗe a zaune, ka tashi ka yi minti biyu ko uku kana zagaye. Ka amsa waya a tsaye kana kai da komo, ka hau matakalar bene maimakon lifta, ka yi tafiyar minti goma bayan cin abinci, wadda ke taimakawa wajen rage hauhawar sukarin jini. Waɗannan ƙananan motsi na yini suna da nauyi a lissafi fiye da yadda ake zato, kuma a nan ne agogon ya fi amfani, saboda yana tona wata dabara ta jiki: wanda ya fara rage abinci ko ya fara motsa jiki mai tsanani yakan rage motsin sauran yini ba tare da ya sani ba. Idan ka yi sassarfa da safe amma jimillar takunka ta yini ba ta ƙaru ba, to jikinka ya karɓe abin da ka ba shi.

Mataki na biyar: ka yi amfani da bugun zuciya wajen auna ƙarfin motsi

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Don rage nauyi a bayyane, ƙwararrun likitocin wasanni na Amurka sun nuna cewa ana bukatar sama da minti 250 a mako. Taku kaɗai ba ya gaya maka ko ka kai matsakaici, domin jan ƙafa a cikin gida da tafiya mai sauri duk taku ne.

Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarun mutum daga 220 a sami ƙololuwar bugun zuciyarsa. Ɗan shekara 40 zai sami 180. Motsi matsakaici yana tsakanin kashi 64 da 76 cikin ɗari na wannan, wato bugu 115 zuwa 137 a minti, mai tsanani kuma daga 139 zuwa 167. Lissafin kwatance ne, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye, saboda haka ka haɗa shi da gwajin magana: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici, idan kuma ba ka iya furta fiye da kalma uku ko huɗu sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Ga yawancin manya, taku 100 a minti ɗaya ya kai matsakaici. Duk lokacin da za ka fita, ka danna maɓallin fara motsa jiki ka zaɓi nau'insa, domin a lokacin ne agogon yake auna bugun a kai a kai, kuma ta haka ne tuƙa keke ko iyo, waɗanda ba sa haifar da taku, za su shiga lissafi.

Agoguna da yawa suna nuna wani matakin bugun zuciya da suke kira na ƙona kitse, kuma yana ruɗar mutane har su riƙa rage sauri don kada su fita daga cikinsa. Gaskiya ne cewa a motsi mai sauƙi kaso mafi yawa na makamashin daga kitse yake fitowa, amma abin da ke rage teɓa shi ne jimillar abin da aka ƙona a yini idan aka kwatanta da abin da aka ci. Ka zaɓi saurin da za ka iya maimaitawa gobe da jibi.

Ka riƙa duba bugun hutu sau ɗaya a mako. Ga manya yana tsakanin 60 da 100, kuma yakan sauka a hankali idan jiki ya fara ƙarfi, sau da yawa tun kafin sikeli ya nuna wani abu. Idan ya hau da bugu biyar zuwa goma sama da yadda ka saba, ya kuma zauna a can kwana biyu ko uku, alama ce ta gajiya, ko ƙarancin barci, ko wata rashin lafiya da ke tafe, sai ka sassauta.

Mataki na shida: kada ka ci kalorin da agogo ya ce ka ƙona

A nan ne mafi yawan masu agogo suke yin tufka da warwara. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Wanda yake cin abin da ya gaza bukatar jikinsa da kalori 500 a rana zai rage kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da hukumomin lafiya ke ba da shawara. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa yana tafiya ne a numfashi, da bugun zuciya, da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da sauran gaɓoɓi, ko da mutum yana kwance. Kimanin kashi 10 yana tafiya a narkar da abinci. Motsi ne ke ɗaukar ragowar.

Ga misali a kusa. Mutum mai kilo 80 ya yi tafiyar kilomita biyar cikin awa ɗaya. Ya ƙona wajen kalori 280, amma kusan 80 daga ciki zai ƙona su ko da yana zaune a kujera, saboda haka ribar tafiyar kimanin 200 ce. Ya dawo gida yana zufa, agogo ya nuna masa 400, ya ji ya cancanci tukuici, ya sha lemon gwangwani mai sukari na mililita 330, wanda ke ɗauke da kalori kusan 140, ya ƙara loma a abincin dare. Awa guda ta tafi a cikin minti biyar, kuma yana nan yana mamakin abin da ya hana sikeli sauka. Babban cokali ɗaya na man girki, kowane iri ne, kalori 120 ne, domin giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci da furotin, wato sinadarin gina jiki, kuwa 4.

Manhajojin rubuta abinci da yawa suna haɗuwa da agogon, su ƙara maka kalorin motsa jiki a kan kason abincinka na rana. Ka shiga saiti ka kashe wannan haɗi. Ka tsayar da kason abinci guda wanda ba ya canzawa da abin da agogon ya ce. Idan ka yi wani aiki mai tsawo da nauyi ƙwarai, kamar gudun awa biyu, har yunwa ta dame ka, kada ka mayar da fiye da rabin abin da aka nuna.

Rubuta abinci ma yana da nasa rauni. Wani bincike da aka wallafa a 1992 a mujallar likitanci ta New England ya duba masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa raguwa, ya gano cewa abincin da suka ce suna ci ya gaza ainihin abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suka ce suna yi kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba lallai ƙarya suke yi ba. Ido ne ba ya iya awon abinci, kuma ɗanɗane a wurin girki da abin da aka tauna a tsaye ba sa zama a ƙwaƙwalwa. Saboda haka ka rubuta abin da ka ci nan take, ka yi amfani da ƙaramin sikelin kicin na mako biyu ko uku har idonka ya saba, ka fi sa ido a kan mai, da sukari, da abin sha. A ganina, wanda ba zai iya jure rubutun kullum ba gara ya rubuta kwana uku a mako da gaskiya, ɗaya daga ciki ranar hutu, da ya cika kwana bakwai da kintace.

Kalorin agogon yana da amfani guda ɗaya: kwatanta ranarka da wata ranarka. Tunda kuskuren nasa yakan karkata gefe ɗaya a jikin mutum ɗaya, idan Talata ta nuna 2,600 Laraba ta nuna 2,200, za ka iya yarda cewa ka fi motsi ranar Talata. Kwatanta adadinka da na wani mai agogon wani kamfani kuwa ɓata lokaci ne.

Mataki na bakwai: ƙarfafa tsoka da barci

Mai rage nauyi yana rasa tsoka tare da kitse, sai in ya ba tsokar aiki ya kuma ci furotin isasshe. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla kwana biyu a mako na motsin ƙarfafa manyan tsokoki, kamar ɗaga ƙarfe, ko tsuguno da miƙewa, ko tura ƙasa da hannu. Agogo ba ya gane wannan aiki sosai, domin matse hannu da lanƙwasa shi suna rikita hasken, taku kuma babu. Ka rubuta abin da ka ɗaga da sau nawa a takarda, kada ƙarancin makin da agogon ya ba ka ya sa ka raina shi.

Barci kuwa yana shafar ci kai tsaye. Ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi da maiƙo. A wani gwaji na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2022, an ɗauki mutum 80 masu nauyin da ya wuce kima, waɗanda barcinsu bai kai awa shida da rabi ba. Waɗanda aka taimaka wa suka ƙara barci da fiye da awa ɗaya sun rage cin kimanin kalori 270 a rana, ba tare da an ce musu su rage abinci ba. Ka nemi awa bakwai ko fiye. A shafin barci na manhajar ka duba abu biyu, jimillar awanni da lokacin kwanciya. Rabe-raben barci mai nauyi da mara nauyi kintace ne daga motsi da bugun zuciya, bai kamata ya ɗaga maka hankali da safe ba.

Mataki na takwas: ka bar sikeli da tef su yi alƙalanci

Agogo ba ya ganin nauyinka. Ka hau sikeli da safe bayan fitowa daga bayi, kafin ci ko sha, a kan dandamali mai tauri, sikeli ɗaya, tufafi marasa nauyi. Nauyi yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe saboda gishiri, da ruwa, da abin da ke cikin hanji, da kuma al'ada ga mata, don haka adadin rana ɗaya ba hujja ba ne. Ka tara na mako ka raba. Idan mako ya ba ka 84.6, 85.2, 84.4, 84.9, 85.1, 84.3 da 84.5, matsakaicin shi ne 84.7. Idan na makon jiya 85.1 ne, to kana kan hanya, duk da cewa ranar da ka ga 85.2 ka ji kamar an yi ba a yi ba. Saukar da ake gani da sauri a makon farko yawancinta ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa.

Sau ɗaya a mako biyu ka auna ƙugu da tef, a tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan ka saki numfashi ba tare da tsuke ciki ba. Abin nema shi ne kewayen ƙugu ya gaza rabin tsayi: mai tsayin santimita 170 ya nemi ƙasa da 85.

Ka ware minti goma a rana ɗaya ta kowane mako ka jera matsakaicin nauyi, da taku, da mintunan motsi matsakaici, da barci. Idan mako uku sun wuce nauyi da ƙugu ba su motsa ba, ka fara duba taku, ko ya zame ba ka lura ba. Idan yana nan, ka koma awon abinci na mako guda da sikelin kicin. Idan shi ma daidai yake, ka rage kalori 100 zuwa 200 a rana ko ka ƙara taku 1,500, amma abu ɗaya a lokaci guda, domin ka san wanda ya yi aiki. Tsayawar nauyi bayan wasu watanni abu ne da ake tsammani, tunda jikin da ya ragu bukatarsa ma ta ragu. Rage kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyi ma babbar riba ce: a gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 da motsin minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Mai ciwon zuciya, ko hawan jini mai tsanani, ko ciwon suga da ake sha wa magani, ko mai juna biyu, ya ga likita kafin ya ƙara ƙarfin motsi ko ya rage abinci. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rage bugun, saboda haka matakan bugun zuciya da agogo ke nunawa ba su dace da mai shan su ba, gwajin magana ya fi masa. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki da ya wuce kima dalili ne na tsayawa nan take a nemi likita, ko me agogon yake nunawa.

Ka riƙa cire agogon kana wanke madaurin, kana busar da fatar, kana sauya hannu lokaci-lokaci, domin zufa da sabulun da suka maƙale a ƙasa suna kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ka duba saitin sirri na manhajar, musamman taswirar hanyar da kake bi, wadda ke iya nuna wa baƙi ƙofar gidanka da lokacin fitarka.

Akwai kuma wanda alƙaluman ke zame wa damuwa, har ya riƙa zagaye ɗaki da tsakar dare don cika taku, ko ya ƙi cin abinci saboda bai cika burin ranar ba. Wanda ya ga haka a tare da shi ya ɓoye shafin kalori, ya kashe sanarwar gasa da abokai, ya ajiye agogon na mako guda yana ci gaba da tafiyarsa. Idan tsoron abinci ko tilasta wa kai motsi bai lafa ba bayan haka, ko kuma mutum ya taɓa fama da larurar cin abinci a baya, ya daina ƙirga kalori gaba ɗaya, ya nemi likita ko ƙwararren masanin abinci ya tsara masa hanyar da ta dace da shi.